Yadda ake gane tsofaffin kayan adon Halowin da yi musu kuɗi a gwanjon intanet

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, ina taɓa sana'ar sayen tsofaffin kaya ina sayarwa ta intanet. Kwanan baya na ga an sa wata fitilar kwali mai siffar kabewa a gwanjo, irin ta bikin Halowin, aka yi ta tayawa har ta haura dala 300. Ga wata kusa da ita, a idona duk ɗaya suke, amma ko dala 20 ba wanda ya taya. Yanzu kuma magadan wata tsohuwa sun yi mini tayin kwali guda cike da irin waɗannan kaya. Yaya ake bambance na da da na yanzu, kuma da me ake auna kuɗinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, fitilun nan biyu ta gaba ka kalle su. Da ka juya su, ka leƙa cikinsu, ka duba gindinsu, da ka ga abin da masu tayawa suka gani. A wannan harka fuskar kaya ce ta fi sauƙin kwaikwayo, shi ya sa duk wanda ya daɗe a ciki hoton baya da na ƙasa yake fara nema. Batun hukuncin ciniki da kayan wannan biki ka kai wa malaminka, ni a kan kaya da kuɗinsu zan tsaya. Bari in fara da dalilin da ya sa kwali da takarda suke kai wannan farashi, don in ka riƙe shi sauran za su zo maka da sauƙi.

Bikin na daren 31 ga Oktoba ne, kuma 'yan ci-rani daga Ailan da Sukotlan ne suka shigo da shi Amurka a ƙarni na 19. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, galibi liyafar manya ce. Matar gida ta ƙawata falo, ta aika katin gayyata, a zo a yi wasanni a ci abinci. Yawon yara gida-gida neman alewa, wanda aka san bikin da shi yau, bai game ƙasar ba sai bayan yaƙi, musamman da aka daina ƙayyade sukarin da kowane gida zai saya a 1947. Kayan adon wancan zamani na dare ɗaya ne. A kantunan araha irin su Woolworth ake sayensu da 'yan senti, a liƙa a bango ko a kunna kyandir a ciki, gari na wayewa a tattara a zuba a shara. Kayan Kirsimeti ana naɗe su a adana, uwa ta bar wa 'yarta. Na Halowin kuwa ba wanda ya ɗauke su abin ajiya, kuma wanda wuta ba ta ci ba danshi ya ci. Abin da ya tsira kaɗan ne, wanda ya tsira lafiya lau ba gyara ba faci ya fi ƙaranci. Wannan tsirar ake biya. Duk abin da ya taɓa ta, sabon fenti ne ko sabon gam ko wani ɓangare da aka canja, kai tsaye kuɗin yake taɓawa.

Kayan Jamus ne suka fi tsada a kasuwar, alhali Jamusawan da suka yi su ba sa ma bikin a lokacin. 'Yan kasuwar Amurka ne ke kai oda yankin Thuringia, musamman garin Sonneberg, wanda ya yi suna a duniya wajen kayan wasan yara. Woolworth har gidan sayen kaya na kansa yake da shi a garin. Iyalai ne ke yin aikin a gidajensu, wannan na cika mazubi, wancan na shafa fenti, shi ya sa da wuya ka sami guda biyu da fuskarsu ta zo daidai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse cinikin, ya dawo bayan yaƙin, ya yi ƙarfi har tsakiyar shekarun 1930. Abubuwan da aka fi nema su ne fitilu, da 'yan mutum-mutumin da ake cire kansu a zuba alewa, da hotunan kwali masu tudu da kwari da aka yanke bisa siffar abin da aka zana, baƙar mage ko mujiya ko kwarangwal ko mayya a kan tsintsiya.

Ɗauki irin wannan baƙar mage ka kife ta a tafin hannu. Kwalin mai kauri ne, bayansa toka-toka ko ruwan ƙasa, ba fenti. Duk inda gaba ya yi tudu, kumatu da ƙwayar ido da gashin baki, a baya za ka ga rami mai zurfi da kan yatsa ke shiga, domin tsakanin ƙarafa biyu aka matse kwalin. A wani lungu akwai ɗan hatimin tawada, "Germany" ko "Made in Germany", wani lokaci rabinsa bai ma fito ba. Hudar rataya ta sama ta ɗan buɗe saboda ƙusa ko zare. A kan hanci da bakin kunne fenti ya goge, don nan ne hannu da bango suka fi gogawa. Tsufa na gaskiya wuraren taɓawa yake bi. Wanda aka tsufar da shi da ruwan shayi ko kofi, launinsa ɗaya ne ko'ina, har cikin lungun da hannu bai taɓa kaiwa ba, kuma sau da yawa in ka kalli bakin yankan za ka ga cikin kwalin fari tas.

Hatimin yana taimakawa, amma kada ka jingina da shi kaɗai. Tun dokar haraji ta McKinley ta 1890 Amurka ta wajabta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. In ka ga "US Zone Germany", kayan na bayan yaƙi ne, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950. "West Germany" ko "Western Germany" na tsakanin 1949 da 1990 ne. "Occupied Japan" bai wuce 1952 ba. Inda sabon shiga ke faɗawa shi ne "Germany" tsura, domin tana iya zama ta kafin yaƙi, tana kuma iya zama ta bayan haɗewar Jamus a 1990. Har yau akwai ƙananan masana'antu a can da ke zuba kaya cikin tsofaffin mazuban kakanninsu, suna sayarwa a fili a matsayin sababbi, ba ha'inci. Ha'incin yana shigowa ne a hannu na biyu ko na uku, lokacin da wani ya cire takardar shaidar sabon kamfanin, ya ɗan dauɗa kayan, ya rubuta cewa na 1920 ne. Hatimin roba kuma kowa na iya sassaƙawa. A ɗaya gefen, kayan asali da yawa ba su da hatimi ko kaɗan, don a kan kwalin da aka zubo su aka buga, ko kuwa 'yar takardar ta faɗi tun tuni.

Akwai kuma wanda masu harkar ke kira aure, wato a ɗauki kan wani mutum-mutumi a ɗora a jikin wani. Duka biyun tsofaffi ne, amma ba tare aka yi su ba. Ka duba wuyan: in kan yana rawa, ko an naɗa masa sabuwar takarda don ya zauna, ko ƙyallin fentin sama ya bambanta da na ƙasa, ka yi hattara. Mafi muni shi ne abin da ba a taɓa yin irinsa ba sam. A samo tsohon abin wasa na yau da kullum, a manna masa kan kabewa, a ce ba a taɓa ganin na biyunsa ba. In mai kaya ya ce nasa shi kaɗai ne a duniya, kuma bayan wata biyu ya sake fito da wani, ka san inda aka dosa.

Yanzu ga fitilarka. In kwalinta irin na kiret ɗin ƙwai ne, mai kaushi, mara nauyi, to ta Amurka ce, daga shekarun 1930 zuwa 1950, kuma kamfanin F.N. Burt na Buffalo a jihar New York na cikin waɗanda suka yi su. An huda idanu da baki, sannan daga ciki aka manna wata siririyar takarda mai zanen ƙwayar ido da haƙora, don in an kunna kyandir hasken ya ratso ta. Wannan takarda ita ce rabin ciniki, domin ita wuta ke fara lasa. Ta asali za ka gan ta ta koɗe, ta bushe har tana neman karyewa, samanta ya yi ruwan ƙasa saboda zafi, gam ɗin da ya riƙe ta ya yi rawaya ya tsattsage. Wadda aka canja kuwa bayanta fari ne, launinta na haske, gam ɗinta garau, kuma in ka ƙara girman hoton za ka ga ɗige-ɗigen tawadar firinta. Ana sayar da irin waɗannan takardun canji a fili, kuma ba laifi mutum ya sa wa fitilarsa don ta yi kyau a kanta, matuƙar ya faɗa ranar sayarwa. Ka duba wayar riƙo ma: tsohuwa tana barin zoben tsatsa a bakin hudar da ta shiga. A gindi daga ciki akan ga daskararren kakin kyandir da baƙin hayaƙi, ko da yake su ma ana iya ƙirƙirarsu, don haka shaida ce mai rauni.

Siffa ma tana raba farashi. Kabewa mai murmushi ta yi yawa a kasuwa. Kan shaiɗan, ƙoƙon kai, mage a kan shinge, ko mai fuska gaba da baya, waɗannan sun fi wuya. Saboda haka fitilar da aka ƙi tayawa ko dai sabuwa ce, ko an canja mata takarda, ko an sake mata fenti, ko kuwa irin wadda kowa ke da ita ce. Tana kuma iya zama ta gari wadda mai ita bai iya rubuta sunanta ba, masu nema ba su gan ta ba. Irin wannan ita ce ribar mai ido.

Kamfanoni biyu na Amurka dole ka san su. Dennison na garin Framingham a jihar Massachusetts ya yi takardun ado da katunan gayyata da 'yan ƙananan hotuna masu gam a baya, ana sayar da su cikin ƙananan kwalaye. Ya kuma riƙa buga ɗan littafin koyar da shirya liyafa mai suna Bogie Book, na farko a 1909, sannan ya ci gaba daga 1912 kusan kowace shekara har cikin shekarun 1920. Littafin kansa abin nema ne, na 1909 kuwa samunsa sai an dace. Amma amfaninsa ga mai kiyasi ya wuce haka, domin a ciki akwai hotunan kayan kamfanin da lambobinsu da farashinsu, sai ka ga shekarar da abu ya fara fitowa. An sake buga wasu daga cikinsu a wannan zamani, suna da araha, ka saye su don karatu. A ƙananan kwalayen Dennison akan rubuta adadin da ke ciki, don haka ka sa a ƙirga maka. Kwalin da aka rubuta 12 aka tarar da 9 ba cikakke ba ne, kuma masu tarawa suna kula da wannan ƙwarai.

Na biyun shi ne Beistle, wanda Martin Luther Beistle ya kafa a 1900, yana garin Shippensburg a jihar Pennsylvania har gobe. Shi ya shahara da kwarangwal mai gaɓoɓi masu motsi da takardar nan mai buɗewa irin saƙar zuma. Wasu kayansa suna ɗauke da sunan H.E. Luhrs, surukin mai kamfanin, kada ka zaci wani kamfani ne daban. Abin lura shi ne Beistle da kansa yana sake buga tsofaffin zanensa yana sayarwa a matsayin sababbi. Zanen na da ne, takardar ta bana ce. Galibin tsofaffin a fuska ɗaya aka buga su, bayansu ba komai, galibin sababbin kuwa gaba da baya aka buga, takardar ta fi santsi da ƙyalli. Ka ga a nan ma hoton baya ne ke raba gardama.

In kaya na hannunka, abu uku sun ishe ka aiki. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, don duba yadda tawada ta kwanta. Tocila mai shuɗin haske, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, domin tun wajen shekarun 1950 aka fara sa wa takarda sinadarin ƙara fari, kuma takardar da ke da shi tana walƙiya a ƙarƙashin wannan haske. In ta yi walƙiya, ba ta 1920 ba ce. In ba ta yi ba, ba ta tabbatar da komai ba, don har yanzu ana yin takarda mara sinadarin. Tocilar tana kuma tona facin fenti da sabon gam. Na uku hanci: tsohon kwali yana da warinsa na ɗakin ajiya, sabon fenti da sabon gam ba sa ɓuya. A gwanjon intanet duk ba ka da waɗannan, hoto kawai gare ka, don haka ka nema. Ka rubuta wa mai kaya ya turo hoton baya, da gindi, da ciki, da hatimi kusa-kusa, da ɗaya da aka ajiye rula a gefe don ka san girma. Ka tambaye shi kai tsaye ko an yi gyara, ko an canja wani abu. Mai gaskiya zai amsa cikin daɗin rai. Wanda ya ce shi bai san komai ba, daga ɗakin kakarsa ya kwaso, amma ya ƙi juya kayan ya ɗauka, ka bar masa abinsa. Cinikin biri a sama ne.

In kayan na cikin ledarsa ko ambulan ɗinsa na asali, adireshin kamfani ma yana faɗin shekaru. Lamba ɗaya ko biyu tsakanin sunan gari da na jiha tsarin gidan waya ne da aka fara a 1943. Lamba biyar ta ZIP ba ta zo ba sai 1963. Zanen layukan da ake haskawa a kanti kuwa a 1974 aka fara aiki da shi. Duk ledar da ke ɗauke da shi, ko me aka rubuta a talla, ba ta kafin wannan shekara ba ce.

Ga mai farawa irinka, shawarata kayan gwangwani: kacau-kacau, da ƙaho, da bandiri, da mai juyawa yana ƙara. Kirchhof na Newark a jihar New Jersey, da U.S. Metal Toy, da T. Cohn, da J. Chein sun yi su da yawa, akasari da sunan kamfani a jiki. Suna da sauƙin kuɗi, ba sa karyewa a hanya, kuma ba a cika yin jabunsu ba. Mai mariƙin katako ya girmi mai mariƙin roba. Tsatsa da ƙarzuwar zane su ne aibinsu, kuma kada ka goge su da wani abu mai kaushi. Bayansu sai kayan roba mai tauri na shekarun 1950, irin na Rosbro daga jihar Rhode Island, waɗanda tsagewa da ɓacewar ƙananan sassa ke kashe wa kuɗi. Kyandirorin Gurley na Buffalo ana son su da lagwanin da ba a taɓa kunnawa ba da takardar kwalinsu a gindi. Manyan fitilun roba na ƙofar gida, irin na Empire da Union Products da General Foam, suna da tarko guda: shekarar da ke gindinsu ta mazubin ce. Ana iya shafe shekaru ana zuba kaya a mazubi ɗaya, har ma ya koma hannun wani kamfani, shekarar na nan ba ta canja ba. Ga su da girma, kuɗin aikawa yakan cinye ribar.

Katunan gidan waya duniya ce mai zaman kanta. Zamaninsu daga 1907, lokacin da Amurka ta yarda a raba bayan kati gida biyu, saƙo da adireshi, zuwa wajen 1915. Na John Winsch masu zanen Samuel Schmucker su ne a sama, sai na Ellen Clapsaddle wadda takan sa hannu a ƙasan zanenta, da na Raphael Tuck na Landan, da na Whitney. Da yawa a Jamus aka buga su, suna da tudu da kwari da yatsa ke ji. Katin da aka aika, da kan sarki da hatimin gidan waya, ni ina son sa, don hatimin ya ba ka shekara ba gardama. Lanƙwasar kusurwa da tabon gam na albam su ne ke rage shi.

To, yaya ake yi wa abu kuɗi? Kuɗin da mai kaya ya rubuta yana nema ba farashi ba ne, buri ne. Farashi shi ne abin da wani ya cire daga aljihunsa ya biya. A eBay, dandalin gwanjo da ciniki na intanet, ka danna wurin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar, zai ba ka na kusan kwana 90 baya. Don tsofaffin sakamako akwai shafin WorthPoint, wanda ake biyan kuɗi kafin a duba farashin da aka sayar da kaya, da LiveAuctioneers mai ajiye sakamakon gidajen gwanjo. Ka nemo ciniki uku zuwa biyar na ainihin irin kayanka, zane ɗaya, girma ɗaya, lafiya kusan ɗaya. Wanda ya yi sama fiye da kima ka ajiye shi gefe, wataƙila mutum biyu ne suka yi taurin kai a dare ɗaya, kuma ɗayansu ya riga ya samu, ba zai dawo ba. Ka kula da kwanan wata, cinikin shekara takwas baya ba na yau ba ne. Ka kuma kula da inda aka ja layi a kan farashi, alamar mai kaya ya sallama a ƙasa da abin da ya nema. Abu mafi wuya a nan shi ne ka yi wa kayanka adalci. Ido yana yafe wa abin da ya mallaka. Kusurwar da ta karye, da tabon salatif, da launin lemo da rana ta koɗar, kowannensu yana saukar da kaya mataki, kuma a kayan takarda tazarar da ke tsakanin mai lafiya lau da mai ɗan aibi takan ninka.

Sannan ka yi lissafin abin da ke bin bayan taya. Gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada, sau da yawa kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ko fiye. Misali ka ci abu a dala 400 da la'adar kashi 25, ya zama 500, ga harajin jiha, ga kuɗin ɗauri da aikawa. In ka zo sayarwa a eBay, su ma za su cire nasu wajen kashi 13. Wato abin da ka taya 400 sai ka sayar kusa da 650 kafin ka ce ka mayar da uwar kuɗi. Haka in kana karanta tsohon sakamako, ka duba ko da la'ada aka rubuta shi ko babu.

Kafin gwanjo ya yi zafi ka rubuta iyakarka a takarda, kada ka wuce ta. A eBay lokaci na cika ake rufewa, shi ya sa gogaggu ke jira sai daƙiƙun ƙarshe su taya sau ɗaya da iyakar abin da za su iya. Gidajen gwanjo da yawa kuwa suna ƙara lokaci duk sa'ad da sabon tayi ya shigo, can wannan dabara ba ta aiki. Ka riƙa duba jerin masu tayawa. In wani mai sabon asusu yana ta tura farashi kaɗan-kaɗan, kuma kayan mutum ɗaya kawai yake tayawa, ko ka ga abin da aka ce an sayar ya sake dawowa bayan mako biyu da hotunan nan dai, akwai alamar ɗan kore, abin da dokar dandalin ta hana. Daga Agusta zuwa Oktoba masu saye suna yawa, farashin kayan tsaka-tsaki yana tashi, don haka lokacin sayarwa ne. Saye kuma ya fi daɗi bayan biki ya wuce. Kaya masu wuyar samu ba ruwansu da wata, masu nemansu a farke suke duk shekara.

Game da kwalin magada, kada ka yi kuɗi a kansa a rufe. Ka roƙi a baje komai a kan tebur, ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya. Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka raba kaya da ambulan ɗinsu, kada ka yar da rasit ko tsohon hoton liyafa in ka gani a ciki, don suna ƙara wa kaya asali. Ka ware na Jamus da na Dennison da katuna gefe ɗaya, na roba da na bayan 1960 gefe ɗaya. Yawancin irin wannan kwali, abu biyu ko uku ne ke ɗauke da kusan duk kuɗinsa. Kuma ina roƙonka ka yi wa mutanen nan gaskiya. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya saya ƙasa da farashin gwanjo, don shi zai ɗauki wahala da kasada, kuma ba wanda zai zarge ka a kan haka. Amma in ka ga abin da ka san ya kai dubbai, ka gaya musu, ka ba su zaɓi: ko ka saya da kuɗi mai kyau, ko ka kai musu gidan gwanjo a raba. Morphy a garin Denver na jihar Pennsylvania da Bertoia a Vineland na jihar New Jersey duk suna gwanjon tsofaffin kayan bukukuwa, kuma manyan masu tarawa suna bibiyarsu. In ana bukatar kiyasi a rubuce don rabon gado ko inshora, a nemi mai kiyasi da ake biya kuɗin aikinsa tsayayye. Wanda zai karɓi kaso daga darajar kayan, ko shi ne kuma zai saya, bai dace ya yanka musu kuɗi ba. Ka sani kuma kiyasin inshora ya fi abin da gwanjo zai bayar, kada magada su riƙe wannan adadi su zaci shi za su samu a hannu.

Abin da ka saya, ka raba shi da rana, don launin lemo da ja suna saurin koɗewa. Kada ka ajiye a ɗakin ƙasa mai danshi ko a saman silin mai zafi. Takardu a kwance, tsakanin takardar ajiya mara asid, ba salatif, ba leda mai mannewa da zafi. Kada ka sake kunna kyandir a tsohuwar fitila, ƙaramin ƙwan batir ya isa. 'Yan tsanan seluloyid, robar farko mai sirantaka, suna kama wuta nan da nan, ka ware su nesa da zafi inda iska ke shiga. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ba ta hana a fentin gida da na kayan wasa ba sai 1978, saboda haka ka nisanta su da yara. Wajen aikawa, fitilar kwali tana son kwali biyu, ƙarami cikin babba, kuma kada ka cusa komai a cikinta da zai danne takardar fuska. Hotunan kwali a sa su tsakanin allunan kwali biyu masu tauri. Kyandirorin Gurley kuwa, in zafin Yuli ya kama, ka nemi mai saye ya yi haƙuri har yanayi ya sauka, don a cikin motar kaya suke narkewa.